Yadda zaka bi tarihin tim din gunduma a kwallon Gaelic, mu gwada da Mayo

Kwallon Gaelic, wato kwallon mutanen Ailan da ake bugawa da hannu da kafa, tana da saukin kallo, cikin minti goma zaka gane inda aka dosa. Abinda ke wahalar da sabon shiga shine tarihin, domin mutanen nan basa iya yi maka maganar wasan yau ba tare da sun jawo 1951 ko 1982 ba, kuma idan ka bude jerin wadanda suka ci kofin kasa zuwa 2025 zaka ga Kerry 39, Dublin 31, Galway 9, sai ka gangara can kasa ka ga Mayo 3 kace ai wannan karamar tim ce. Toh anan mutum yake fara bata. Jerin kofuna bai isa ya fada maka wacece tim ba, dole ka san da wace doka aka buga a wancan lokacin, ta wace hanya aka bi, kuma da maki nawa aka fadi. Na zabi Mayo ne don ina ganin babu gundumar da tafi ta nuna wannan, amma duk abinda zan fada zaka iya dora shi akan kowace gunduma.

Fara da sanin waye ke buga wa wa

Hukumar wasan sunanta GAA, an kafa ta ranar 1 ga Nuwamba 1884 a garin Thurles, kuma tun daga lokacin komai akan gunduma aka gina shi. Tsibirin yana da gundumomi 32 da aka raba larduna hudu, Leinster mai 12, Ulster mai 9, Munster mai 6, Connacht mai 5. Shida daga cikin na Ulster suna karkashin Birtaniya ne amma a wajen GAA babu wannan iyakar, gasa daya ake bugawa. Mayo tana Connacht ne can yamma bakin teku, kalarta kore da ja, filinta MacHale Park a garin Castlebar.

Abu mafi muhimmanci da zaka rike shine babu wanda ake biya albashi kuma ba'a sayen dan wasa. Wanda ka gani a fainal gaban mutum sama da 82,000 a Croke Park, babban filin wasan da ke Dublin, ranar Litinin ko Talata malamin makaranta ne ko ma'aikacin banki ko manomi. Yaro yana tasowa a kulob din unguwarsu, idan ya kware gunduma ta kira shi, shikenan. Akwai 'yan kadan da suke canja gunduma saboda aiki ko zama amma ba shine aka saba ba. Don haka idan tim ta lalace babu wani attajiri da zai zo ya zuba kudi ya sayo mata 'yan wasa, sai dai a jira a haifi wasu su girma, kuma wannan kadai ya isa ya bayyana maka dalilin da yasa tarihin gunduma yake tafiya kamar damina da rani, shekaru biyar ko shida na albarka sai kuma shekaru goma sha biyu babu komai.

Koyi karanta sakamako kafin komai

Kowane bangare mutum 15 ne. Kwallo a raga maki 3, kwallo ta saman sandar raga tsakanin dogayen turaku biyu maki 1. Ana rubuta sakamako da lamba biyu, ta farko raga ta biyu makin sama. Idan ka ga 1-14 to ka lissafa 3 da 14, ya zama 17. Idan ka ga 2-12 ya zama 18. Wannan da na baka ba misalin banza bane, sakamakon fainal din 2013 ne, Dublin 2-12 Mayo 1-14, maki daya tak. Ka saba da lissafin nan har ya zama baka tunani, domin sau da yawa zaka ga wanda yafi yawan makin sama shine ya fadi, kamar 1982 da Offaly ta ci 1-15 Kerry ta ci 0-17, wato 18 da 17, kwallon da Seamus Darby ya jefa a raga daf da tashi ita ta hana Kerry cin kofi biyar a jere.

Sai dai kar ka dauki wannan lissafin ka dora wa kowace shekara. A farkon farawa kwallo daya a raga tafi duk yawan makin sama da zaka tara, a 1892 aka maida ita maki 5, a 1896 aka maida ita 3. Yawan 'yan wasa ma da 21 ne, aka rage zuwa 17, sai a 1913 aka tsaya a 15. Tsawon wasa minti 60 ne har zuwa 1970, daga 1970 zuwa 1974 aka gwada minti 80 a manyan wasanni, daga 1975 aka tsaya a 70. Sannan a 2025 an kawo sabuwar doka, wanda ya buga ta sama daga bayan layin mita 40 maki 2 ne, kuma dole kowace tim ta bar mutum uku a gaba kada kowa ya koma tsaron gida. Saboda haka idan ka ga Mayo ta ci Louth 2-5 da 1-6 a fainal din 1950 sannan ka ga Kerry ta ci Donegal 1-26 da 0-19 a 2025, kar kace na da basu iya cin maki ba, wasan awa daya ne da kwallon fata mai shan ruwa tayi nauyi, ba irin wasan yanzu bane.

Wani abu kuma da ke rikita mutane a tsofaffin shekaru, gasar farko ta 1887 Limerick ce ta ci, amma a lokacin kulob din da ya zama zakaran gunduma shine yake wakiltar gundumar, ba zababbun 'yan wasa daga ko'ina ba. Kuma shekarar gasa ba dole ta zama shekarar da aka buga fainal ba, kofin Kerry na farko na 1903 ne amma a 1905 aka buga shi. Kofin Sam Maguire da kowa ke fada, wato wanda ake ba zakaran kasa, sai 1928 aka fara bada shi, Kildare ce ta fara dauka.

Duba hanyar da aka bi, nan ne aikin yake

Wannan ne wajen da nake so ka fi dadewa. Kusan tun daga farko har zuwa shekarar 2000 tsarin daya ne, kowa ya buga a lardinsa, wanda aka ci sau daya ya tafi gida sai badi, zakarun larduna hudu su hadu a semi fainal. Ka yi tunani, mutum ya kwashe wata shida ko bakwai yana atisaye cikin sanyi da ruwa bayan ya taso daga aiki, ranar Lahadi daya a watan Yuni a ci su da maki daya, kakar ta kare. Akwai tim masu kyau sosai da tarihi bai san dasu ba don kawai sun zo zamani daya da makwabci da ya fi su.

Mayo misali ce mai kyau. Bayan kofin Connacht na 1955 bata sake ci ba sai 1967. Idan ka tsaya anan zaka ce kwallo ta mutu a gundumar tsawon shekara goma sha biyu. Amma duba waye ke ci a lardin, yawanci Galway ce, wadda ta dauki kofin kasa a 1956 sannan ta dauka uku a jere 1964, 1965, 1966. Wato tim din da ke korar Mayo tun a gida ita ce tafi kowa a kasar. Haka kuma bayan na 1969 Mayo bata sake cin kofin lardi ba sai 1981, a tsakanin nan Galway na nan da karfinta, Roscommon kuma ta ci hudu a jere daga 1977 zuwa 1980. Duk lokacin da ka ga gibi a tarihin gunduma, tambayar farko itace waye ya rike lardin a shekarun, kuma shi din ina ya kai a kasa.

Kuma lardunan ba daya suke ba. A Munster yawancin gundumomin hankalinsu na kan daya wasan ne da ake bugawa da sanda, don haka shekaru da dama abin tsakanin Kerry da Cork ne kawai. A 1980 wasa uku kacal Kerry ta buga ta dauki kofin kasa. Wannan ba raini bane ga tim din Mick O'Dwyer, wadda ta ci kofi takwas tsakanin 1975 da 1986 kuma babu mai musun kwarewarta, amma dole ka sa shi a mizani idan kana kwatanta ta da wadda ta fito daga Ulster inda gundumomi tara ne kuma kusan kowace kwallon nan ce addininta na biyu. Tyrone sai da ta buga wasa goma kafin ta dauka a 2005.

A 2001 aka bude abinda suke kira kofar baya, wato wanda aka ci a lardi a bashi dama ta biyu ta wasu zagaye daban, kuma a shekarar farko ma Galway ta bi ta nan ta dauki kofin. Daga nan tsarin bai sake zama waje daya ba, 2018 da 2019 anyi rukuni na tim takwas, 2020 da 2021 saboda korona aka koma tsohon tsari na ci daya ka tafi, 2022 aka kirkiro kofin Tailteann don tim din da basu kai matakin sama ba, daga 2023 zuwa 2025 aka yi rukunoni na tim goma sha shida. Fainal din ma da aka saba yi a Satumba, daga 2022 ya koma Yuli. Me wannan ke nufi gareka? Kofin lardi kafin 2001 da kofin lardi bayan 2001 ba nauyinsu daya ba. A 2016 da 2017 Galway ta fitar da Mayo a Connacht duk sau biyun, amma Mayo ce ta kai fainal din kasa a duka shekarun. Da a tsohon tsari ne da wadannan shekaru biyu, da suna cikin mafi girma a tarihinta, ba zasu wanzu ba sam.

Yanzu raba tarihin gida gida

Ka dauki takarda ko ka bude tebur a kwamfuta, kowace shekara layi daya, ka rubuta inda tim ta tsaya a lardi, inda ta tsaya a kasa, waye ya fitar da ita, da maki nawa. Da ka gama zaka ga shekarun sun hada kansu rukuni rukuni ba sai kai ka tilasta musu ba.

Na Mayo ga yadda yake fitowa. Akwai zamanin nema, ta kai fainal na 1916 Wexford ta cinye ta, na 1921 Dublin, na 1932 Kerry. A tsakiyar nan akwai 1925 da sai ka karanta sau biyu kafin ka yarda, gasar Connacht bata kare akan lokaci ba sai aka zabi Mayo ta wakilci lardin, ta ci Wexford a semi fainal, a daya bangaren kuma aka kori Kerry da Cavan duka saboda korafi akan 'yan wasa, ya zama Mayo ce kadai ta rage, sai daga baya aka buga fainal din Connacht din da aka jinkirta Galway ta ci, aka ce to Galway ce zakaran kasa. Irin wannan ba zaka taba ganinsa a jerin kofuna ba.

Sai zamanin girbi na farko, 1936 ta lallasa Laois 4-11 da 0-5 ta dauki kofinta na farko, kuma a shekarun nan ta ci gasar lig shida a jere daga 1934 zuwa 1939. Sai na biyu, ta fadi a hannun Cavan a 1948 da maki daya, 4-5 da 4-4, sannan ta dawo ta dauka a 1950 da 1951 karkashin kyaftin Seán Flanagan, na biyun akan Meath 2-8 da 0-9. Daga nan shiru, bata sake taka fainal ba sai 1989, shekara 38.

Daga 1989 zuwa 2021 kuma Mayo ta kai fainal a kaka 11 kuma bata ci ko daya ba. Anan ne yawancin mutane suke tsayawa su girgiza kai su wuce, kai kuma anan zaka zauna ka bude su daya bayan daya domin ba iri daya bane.

1989 Cork ta ci da maki uku. 1997 Kerry da maki uku, ranar da Maurice Fitzgerald ya kusa cin wasan shi kadai. 2004 da 2006 Kerry ce kuma, da maki 8 da maki 13, wadannan biyun babu wani kame kame, an fi su ne nesa ba kusa ba. 2012 Donegal ta zura biyu a raga tun kafin a yi kwata na wasan, Mayo ta kwashe sauran lokacin tana bi aka tashi da tazarar hudu. 2020 Dublin da maki biyar a watan Disamba a fili babu kowa. 2021 Tyrone da maki biyar, kuma wannan ni a ganina shine wanda yafi ciwo ta fuskar dama, domin wata daya kafin nan Mayo ce ta karya Dublin a semi fainal bayan karin lokaci, Dublin din da ta ci kofi shida a jere daga 2015 zuwa 2020, sai gashi a fainal an barar da damammaki har da fenariti.

Sauran hudun kuma maki daya daya ne, 1996, 2013, 2016, 2017. A 1996 Mayo na gaban Meath da maki shida a zagaye na biyu, Meath ta farfado, kwallon karshe ta Colm Coyle ta daki kasa ta yi tsalle ta haye sanda aka tashi canjaras. A wasan maimaici fada ya barke tun farkon wasa, mutane da yawa suka shiga amma biyu alkalin wasa ya kora, Coyle na Meath da Liam McHale wanda shine kashin bayan Mayo a tsakiya, aka tashi 2-9 da 1-11. A 2016 wasan farko Mayo ta ci gidanta sau biyu, duk kwallaye biyun da Dublin ta samu a raga 'yan Mayo ne suka jefa, amma duk da haka Cillian O'Connor ya farke wa Mayo a mintocin da aka kara daf da tashi aka tashi 2-9 da 0-15, a maimaici kuma 1-15 da 1-14. A 2017 a wasan Mayo na goma a kakar, bugun tazara na Dean Rock na Dublin a mintocin da aka kara daf da tashi ya raba, 1-17 da 1-16. Ka lura uku daga cikin hudun nan Dublin ce, tim din da ake ganin babu kamarta a tarihin wasan, kuma a tsawon mulkinta babu wanda ya matse ta akai akai kamar Mayo. Gwarzon dan wasan shekara na 2016 Lee Keegan ne, na 2017 Andy Moran, dukkansu daga tim din da ta fadi. Wanda ya duba layin kofi kawai zai ga sifili daga 2011 zuwa 2021, alhali a shekarun nan ta ci Connacht biyar a jere 2011 zuwa 2015, ta fitar da masu rike da kofi uku a jere, Cork a 2011, Dublin a 2012, Donegal a 2013, kuma a 2014 da 2015 sai a wasan maimaici aka iya fitar da ita a semi fainal.

Maganar tsinuwa

Ba zaka yi minti biyar kana bincike akan Mayo ba sai ka ci karo da ita. Ana cewa tim din 1951 na dawowa da kofi suka wuce jana'iza a garin Foxford basu tsaya sun girmama ba, sai aka yi musu baki cewa gundumar ba zata sake ci ba har sai dukkansu sun mutu. Ka san da labarin don yana cikin abinda magoya baya ke fada, amma shawarata kar ka bashi layi a teburinka. Yana rufe tambayoyin da ya kamata ka yi ne, me yasa ake yawan zura musu a raga a farkon fainal, me yasa benci na Dublin yafi nasu zurfi a minti goman karshe, me yasa aka canja mai tsaron raga tsakanin wasan farko da maimaici a 2016. Wadannan suna da amsa ta kwallo. Kuma gaskiya ina ganin rashin adalci ne ga dattawan da suka kawo wa gundumar kofi biyu a jere a maida sunansu abin jira su mutu. Paddy Prendergast, na karshe cikin wadanda suka buga fainal din, ya rasu a Satumba 2021 makonni kadan bayan wasan Tyrone.

Lig, matasa, koci da yawan jama'a

Kar ka hada lig da babbar gasa a kwando daya. Lig din an fara ta a kakar 1925 zuwa 1926, yanzu rukuni hudu ne na tim takwas takwas da hawa da sauka, ana buga ta farkon shekara, kuma kociyoyi da yawa gwajin sabbin yara suke yi da ita. Mayo ta ci ta a 1970, 2001, 2019 da 2023 amma babu dan Mayo da zai ce maka hakan ya biya masa bukata. Amfaninta gareka shine tafi babbar gasa fadin gaskiya akan matsayin tim, domin wasa bakwai ne da sa'o'inka ba wasa daya da sa'a zata iya juyawa ba. Tim din da ta shekara goma a rukuni na daya babbar tim ce ko da kabad dinta babu kofi. Yanzu ma matsayin lig yana cikin abinda ke tantance ko zaka buga Sam Maguire ko Tailteann.

Sai ka ja wani layi na matasa, ka sa shi shekara biyar ko shida a bayan na manya. Mayo ta ci kofin 'yan kasa da 21 a 1983, ta kai fainal din manya a 1989. Ta ci a 2006, yaran nan ne irinsu Keith Higgins da Colm Boyle suka zama ginshikin tim din 2012 zuwa 2017. Ta ci na kananan yara a 2013 da na 'yan kasa da 21 a 2016, su suka rike 2020 da 2021. Ba kullum yake fitowa haka daidai ba amma tunda ba'a saye, nan ne kadai wajen da sabon jini ke fitowa. Ka kula dai daga 2018 an rage shekarun, 21 ta koma 20, 18 ta koma 17.

Koci kuma sai daga shekarun 1970 ya zama mutum daya da ake dora wa komai, zamanin Kevin Heffernan a Dublin da O'Dwyer a Kerry, kafin nan kwamiti ne ke zaben tim. Daga nan gaba rubuta sunan koci a gefen kowace shekara. A Mayo zaka ga John O'Mahony a 1989, John Maughan a 1996, 1997 da 2004, Stephen Rochford a 2016 da 2017, James Horan sau biyu. Horan din ya karbi tim din da Sligo da Longford suka kora a 2010, wasansa na farko a babbar gasa ma sai da aka yi karin lokaci kafin ya tsira daga Landan, bayan wata goma sha shida yana fainal. Eh, Landan da New York suna buga gasar Connacht, saboda yawan 'yan Ailan da suka yi kaura can.

Kaurar nan ma layi ce da kanta. Mayo tana da mutum kusan 388,000 a 1841 kafin babbar yunwa, zuwa 1971 ta ragu zuwa wajen 110,000, samari suna ta tafiya Ingila da Amurka neman aiki, kuma cikin shekarun da aka fi tafiya akwai shekarun 1950 da tim din ta fara shiru. Yau ma 'yan wasanta da dama a Dublin suke aiki ko karatu, sai su yi tafiyar awa uku zuwa atisaye su koma cikin dare. Dublin kuma tana da mutum sama da miliyan 1.4, 'yan wasanta na kwana kusa da fili, manyan wasanninta a Croke Park cikin garinsu. Yawan jama'a ba shine komai ba, Kerry bata fi Mayo mutane da wani yawa ba amma ga kofi 39, sai dai idan baka sa shi a lissafi ba, zaka yanke hukunci ba daidai ba.

Inda zaka samu bayanin, da yadda zaka yi da karamar gunduma

Sakamako da ranaku suna nan a intanet, amma ka rika gwada biyu da juna a shekarun kafin 1930. Don jin yadda abin ya kasance a idon mutanen gida nemi jaridun gundumar, a Mayo akwai Western People da Connaught Telegraph da Mayo News, sun fi jaridun Dublin sanin waye ya ji rauni da waye suka bata da kwamiti. Tsofaffin fainal da yawa suna YouTube cikakku, idan daya kawai zaka kalla to kalli na 2017. Kuma kar ka manta da mata, tim din matan Mayo ta dauki kofin kasa hudu, 1999, 2000, 2002 da 2003, zamanin Cora Staunton, a daidai lokacin da ake cewa gundumar bata iya cin fainal ba.

Idan gundumar da ka zaba karama ce to sai ka sauya ma'auni gaba daya. Zuwa 2025 gundumomi 19 ne kawai suka taba daukar kofin kasa. Leitrim mai mutum wajen 35,000 kofin Connacht biyu take dashi, 1927 da 1994, kuma na 1994 din Mayo ta ci a fainal, kocinta kuma John O'Mahony dan Mayo ne. Louth ta jira daga 1957 har 2025 kafin ta sake daukar Leinster, bayan Dublin ta rike lardin shekara 14 a jere. Fermanagh da Wicklow basu taba cin lardi ba, amma Fermanagh ta kai semi fainal din kasa a 2004 ta kofar baya, Mayo ma sai a maimaici ta iya fitar da ita. Ga irin wadannan ka kara layuka uku a teburinka, rukunin lig da suke ciki kowace shekara, babbar tim din da suka taba kayarwa, da inda suka kai a Tailteann daga 2022, wadda Westmeath ta fara dauka, sai Meath a 2023, Down a 2024, Kildare a 2025. Ka bi Meath din ka gani, shekara biyu bayan Tailteann ta ci Dublin da Kerry da Galway duk a kaka daya ta kai semi fainal din Sam Maguire.